Motar golf a karkara: ta batir ko ta fetur? Tambayoyi da amsoshi

Ƙaramar motar nan da aka ƙera domin 'yan wasan golf ta daɗe da tsallake shingen filin wasa. Yau za ka gan ta a gonaki da lambuna da wuraren kiwo, tana ɗauke da buhunan taki, ko jarkokin ruwa, ko mai gona da ke zagayen shinge da sassafe. Duk mai shirin saye kuwa, a wuri ɗaya yake cijewa: ta batir ko ta fetur? Na yi aiki da iri biyun, na ga ranar da kowacce ta fitar da ni kunya, na kuma ga ranar da kowacce ta bar ni a tsaye. Ga tambayoyin da aka fi yi mini.

A gajarce, wacce zan saya?

Kafin ka je kallon mota, ka san abu biyu game da kanka: ranar da ta fi kowacce nisan tafiya a aikinka, da inda motar za ta riƙa kwana. In tafiyarka a rana mafi wahala ba ta wuce kilomita 20 zuwa 25 ba, kuma akwai wutar da za ka dogara da ita a makwancin motar, ɗauki ta batir. In gonarka na nesa da wuta, ko kana wuni a waje kana ratsa fili mai faɗi, ko motar za ta riƙa yawo hannu-hannu tsakanin ma'aikatan da ba wanda zai tuna ya jona caja, ɗauki ta fetur.

Abin da na lura shi ne yawancin mutane suna zuzuta nisan da suke ci. Mutum zai rantse maka yana cin kilomita 50 a wuni, in aka auna sai a tarar bai kai 10 ba, yawan tsayawa da tashi ne ya sa yake ganin tafiyar da tsawo. Saka manhajar auna tafiya a wayarka, ka yi mako guda kana zagayenka na kullum, sannan ka yanke shawara.

Yaya kowacce take aiki?

Ta fetur tana da ƙaramin inji, yawanci mai silinda ɗaya, tsakanin cc 350 da 430, ƙarfin doki 10 zuwa 14. Ba ta da giyar da ake canzawa da hannu, bel ne tsakanin fuli biyu yake daidaita gudu da kansa. Wani abin da ke ba baƙo mamaki shi ne injin ba ya zaman jira a kunne: ka taka totur ya tashi, ka ɗaga ƙafa motar ta tsaya ya mutu. Domin haka ba ta ƙona mai yayin da ka sauka buɗe ƙofar shinge.

Ta batir kuwa jerin batura ne a ƙarƙashin kujera, da na'urar da ke raba wuta gwargwadon yadda ka taka, da moton lantarki da ke manne da akwatin tayoyin baya. Tsofaffi sun fi zuwa da bolt 36, wato batura 6 masu bolt 6. Na baya-bayan nan bolt 48 ne, mafi yawa batura 6 masu bolt 8, wasu 4 masu bolt 12. Ba fulogi, ba baƙin mai, ba bel, ba salansa.

Manyan sunayen da suka mamaye kasuwar su ne Club Car da E-Z-GO da Yamaha, kowanne yana ƙera iri biyun. E-Z-GO ya fara ne a 1954 a garin Augusta da ke jihar Jojiya ta Amurka, garin da ya shahara da golf, kuma Club Car ma a yankin yake.

Tafiyar kilomita nawa kowacce ke yi kafin ta nemi ƙari?

Nan ta fetur ba ta da abokin gasa. Tankinta na cin wajen lita 20 zuwa 22, kuma a hanya mai kyau zai kai ka fiye da kilomita 150. In ya ƙare, jarka ɗaya da minti biyar sun isa.

Ta batirin dalma, wato batir mai ruwan asid da aka saba gani, in baturan na da lafiya, tana yin kilomita 25 zuwa 40 a fili mai laushi. Amma wannan lissafin na shimfiɗaɗɗiyar ciyawa ne da mutum biyu. Ƙara mata yashi, da hawa, da buhu huɗu a baya, sai ka ga nisan ya ragu sosai. Batirin dalma yana da wata ɗabi'a: in ana jan wuta da ƙarfi daga jikinsa, abin da yake bayarwa bai kai wanda aka rubuta a jikinsa ba, domin adadin da ke rubuce an auna shi ne da ja a hankali na tsawon awa 20. Ga kuma ƙa'idar cewa ba a son a riƙa shanye shi fiye da rabi in ana so ya yi ƙarko. To kashi biyu za ka raba abin da ke rubuce, ka yi lissafinka da ɗaya.

Gonata akwai tudu, kuma ina ɗaukar kaya. Ba ta fetur ce ta fi ƙarfi ba?

Ba lallai ba, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure, suna auna ƙarfi da ƙarar inji. Moton lantarki yana ba da duk ƙarfinsa tun daga tsaye, ba sai ya ɗauki gudu ba. Ka tsaya a tsakiyar hawa da kaya, ka sake takawa, ta bolt 48 mai lafiyayyun batura za ta tashi ba gardama, ta fetur kuwa sai injin ya yi kuka bel ya kama tukuna. Inda ta fetur ta fi ita ce dogon hawa da ba hutu, ko jan tirela na awoyi: ƙarfinta da safe shi ne ƙarfinta da yamma, alhali moton lantarki yana ɗumama, batirin dalma kuma yana yin sanyi-sanyi yayin da caji ke sauka. Tsohuwa mai bolt 36 da gajiyayyun batura kuwa, a tudu sai ka ji kamar ka sauka ka tura.

Abin da ya fi damuna a tudu ma ba hawa ba ne, gangara ce. Yawancin waɗannan motoci birkinsu a tayoyin baya kawai yake. An yi su ne domin mutum biyu da jakunkunan sanduna, ba domin tirela mai cike da taki ba. Na batir na zamani suna da taimako guda: in ka ɗaga ƙafa, moton da kansa yake riƙe motar, har ya mayar da ɗan caji cikin batir. Ta fetur in ka ɗaga ƙafa a gangara, riƙon da injin ke yi kaɗan ne, aikin duk na birki ne. Duba takardar motar ka ga nauyin da aka yarje mata, kada ka wuce shi.

Wutarmu ba ta da tabbas. Zan iya caji da sola ko janareta?

Za ka iya, amma mu yi lissafi. Batura 6 masu bolt 8, kowanne mai amfiya-awa 170, sun tara wajen kilowat-awa 8 a rubuce. In ka sha rabi, kilowat-awa 4 ke nan, kuma kafin ka mayar da su sai ka kashe kusan 5 saboda asarar da ake yi wajen caji. Faranti ɗaya mai wat 300 a rufin mota, in rana ta yi masa awa 5 masu kyau, bai fi ya ba ka kilowat-awa ɗaya da rabi ba, shi ma in ba ƙura ba inuwa. Wannan zai ƙara maka 'yan kilomitoci a rana, kuma ga mai gajeren zagaye yana iya wadatarwa, da sharaɗin motar ta wuni a rana. In kana da babban tsarin sola a gida da inbata mai ƙarfi, wannan ya fi: ka yi cajin da tsakar rana lokacin da farantan ke zuba, ba da dare ba inda za ka kwashe batirin gida ka zuba a na mota.

Janareta kuwa, na ranar larura ne. Ka ƙona fetur awa 8 domin ka cika batirin motar da ka saya don gudun fetur, ai an yi gudun gara an faɗa gidan zago. In da janareta za ka dogara kullum, sayi ta fetur ka huta.

Me ya bambanta batirin dalma da na litiyom?

Nauyi, lokacin caji, tsawon rai, da hidima. Batirin dalma ɗaya irin na motar golf yana kai kilo 28 zuwa 30, guda 6 ke nan wajen kilo 170 a ƙarƙashin kujera. Na litiyom da zai maye gurbinsu, nau'in da ake kira LiFePO4, akwati ɗaya ne da bai fi kilo 50 ba. Ka sauke wa mota sama da kilo 100, ka san za ta ji a jikinta, musamman a yashi. Na dalma yana son awa 8 zuwa 10 a kan caja, na litiyom rabin haka ko ƙasa. Na dalma in an kula da shi yakan yi shekara 4 zuwa 6, na litiyom ana sa ran ya ninka haka. Na litiyom ba ya shan ruwa, ba ya damuwa in ka cire shi daga caji bai cika ba, kuma ƙarfinsa ɗaya ne daga farko har kusan ƙarshe.

Wannan na ƙarshen yana da haɗarinsa. Na dalma yana yi maka kashedi, za ka ji motar na yin nauyi tun da sauran tafiya. Na litiyom yana cikin gudu sai na'urar tsaron da ke cikinsa ta yanke wuta ɗif. Domin haka kada ka yarda a haɗa maka shi ba tare da agogon da ke nuna ragowar caji ba. Kuma cajarsa daban take, ba a jona masa tsohuwar cajar dalma sai in an tabbatar tana da saitinsa. Tsadarsa ce ke korar mutane, amma ga wanda ya san kansa ba mai duba ruwan batir ba ne, shi ne mai araha.

Wace irin hidima batirin dalma ke buƙata?

Nan zan ɗan daɗe, domin yawancin motocin batir da na gani a yashe a bayan rumbu ba lalacewa suka yi ba, ƙishirwa ce ta kashe baturansu.

Kowane batir yana da ramuka a sama, 3 ga mai bolt 6, 4 ga mai bolt 8. Buɗe marfin ka haska ciki, za ka ga faranti a jere a cikin ruwa. Dole ruwan ya rufe su. In suka leƙo waje suka sha iska, wannan ɓangaren ya mutu ke nan, ba ya dawowa. Ruwan da ake ƙarawa tataccen ruwan batir ne kawai, ba na rijiya ba, ba na famfo ba, ba kuma asid ba. Ana ƙarawa ne bayan an gama caji, domin ruwan yana kumbura yayin caji, in ka cika tun kafin sai ya yi ambaliya ya ci ƙarfen da batir ke zaune a kai. Sai dai in ka tarar farantan a waje, to ka zuba daidai abin da zai rufe su, ka yi caji, sannan ka ƙarasa. Sau ɗaya a wata ya isa a lokacin sanyi, lokacin zafi kuwa duk mako biyu ka leƙa.

Ni da kaina na taɓa yin sakaci na wata uku a lokacin da aiki ya yi yawa. Ranar da na ɗaga kujera, wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ni, kan batura ya yi farin gari mai shuɗi-shuɗi, ɗaya daga ciki har cikinsa ya kumbura. Biyu ne suka mutu, amma shida na saya, domin ba a haɗa sabo da tsoho a jeri ɗaya: tsohon yana jan sabon ƙasa, kafin wani lokaci duk sun zama ɗaya.

Sauran hidimar ba wuya. Ka jona caja duk ranar da ka yi amfani da motar, ko da zagaye ɗaya ka yi, ka bar ta ta kashe kanta. Ka wanke kan batura da ruwan da aka jiƙa baking soda a ciki, marafan a rufe, ka ɗaure wayoyin da suka yi sako-sako domin sako-sakon waya na zafi har ya narkar da kan batir. Ka yi caji a wurin da iska ke ratsawa, saboda batirin dalma yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, ba a shan taba ko walda a kusa. Ka cire zobe da agogon ƙarfe kafin ka sa hannu, kuma ka kare idonka.

Ta fetur fa, me take so?

Abin da kowane ƙaramin inji ke so. Juyen baƙin mai aƙalla sau ɗaya a shekara ko bayan awoyin da littafin motar ya faɗa, canjin fulogi, matatar mai, duba bel biyu, wato na tafiya da na sitata, da ƙaramin batir mai bolt 12 da ke tayar da inji. A karkara abin da ya fi kashe ta ƙura ce. Matatar iska da za ta shekara a filin golf, a hanyar ƙasa wata biyu ma ta toshe. Wanda ya cire matatar ya jefar wai don mota ta shaƙi iska, ya sani yashi yake ɗura wa silinda.

Tsofaffi da kafireta suke zuwa, sababbi da yawa kuwa na'ura ce ke fesa mai. Ta fesawa ta fi tashi da wuri da tsimin mai. Ta kafireta kuma duk mai gyaran babur ko injin ban ruwa zai kwance ta ya wanke a ƙarƙashin bishiya. Nisa da gari na iya sa ka fi son ta kafireta.

Nakan yi wata uku ko huɗu ban taɓa motar ba. Wacce ta fi jure ajiya?

Babu wadda ke son a manta da ita, amma ciwonsu daban. Fetur in ya daɗe a kafireta yana bushewa ya bar danƙo mai toshe ƙananan ramuka, wanda aka gauraya da itanol kuma yana jan laima. Maganinsa mai sauƙi ne: rufe mai, bar injin ya shanye na cikin kafireta, ka cire wayar batir. Ko ka manta, wankin kafireta ne da sabon mai, an wuce wurin.

Batirin dalma yana zubar da caji da kansa ko ba a taɓa shi ba, zafi kuma yana hanzarta haka. In ya zauna a sauke na watanni, wani farin gishiri yana daskarewa a jikin farantansa, ba kuma cajin da zai narkar da shi duka. Kuskure ɗaya, baturan duka sun tafi. In dole ne ka ajiye, cika shi fal, ka juya makunnin da ke ƙarƙashin kujera zuwa matsayin jan mota, wato Tow, in motarka na da shi, ka sa wani ya riƙa jona caja duk wata. Na litiyom ya fi haƙuri, ana ajiye shi da kusan rabin caji a kashe. Amma ga mai amfani na lokaci-lokaci da ba shi da mai duba masa, ta fetur ta fi yafiya.

Iri biyun duk ɓeraye na son su. Suna sheƙa a ƙarƙashin kujera suna cin wayoyi, balle in an ajiye motar kusa da hatsi ko abincin dabbobi.

Zafi da sanyi suna da tasiri?

Sosai. Batirin dalma an auna shi ne a kan digiri 25 zuwa 27. Duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka, in ya ɗore, yana rage rayuwarsa da kusan rabi. A ƙasa mai zafi kada ka sa ran shekarun da aka rubuta a talla, kuma ka nema wa motar inuwa. Sanyi kuma yana rage abin da batir ke bayarwa a ranar, na litiyom ma ba a cajinsa in sanyi ya kai na daskarar ruwa, sai in yana da abin ɗumama kansa.

A tsauni lamarin ya juye. Injin fetur yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300 saboda ƙarancin iska. Moton lantarki bai san da wannan ba.

Laka da yashi da tsallaka rafi fa?

Gaskiya ɗaya ce: motar golf, ko ta me ce, ba domin wannan aka yi ta ba. Tayoyin baya ne kawai ke ja, in ɗaya ta shiga santsi sai ta yi ta juyawa ɗayar na kallo. Tsakanin cikinta da ƙasa bai fi tafin hannu ba. Ta batirin dalma ta fi nauyi, ta fi saurin nutsewa, in ta kafe kuma fitar da ita aiki ne. Ruwan da ya kai gindin kujera zai lalata na'urar lantarki a ta batir, ya shiga inji ya jiƙa bel a ta fetur.

Mutane kan ɗaga ta su sa manyan tayoyi, daga inci 18 na asali zuwa 22 ko 23. Yana taimakawa wajen kututture da kwazazzabo, amma da farashinsa: babbar taya tana rage ƙarfin ja, tana ƙara wa moto ko bel wahala, tana nauyaya wa birki, kuma motar da aka ɗaga ta fi saurin kifewa a kwana ko a gefen tudu. In damina na mayar da hanyarka fadama, bar maganar motar golf, ka nemi motar aikin gona mai jan taya huɗu, irin su John Deere Gator, ko Kawasaki Mule, ko Polaris Ranger. In kuma ƙasarka busasshiya ce amma kaya ne da yawa, akwai 'yan uwan motar golf masu akwatin kaya a baya da ƙaƙƙarfan sifirin, kamar Carryall na Club Car da UMAX na Yamaha.

Ina kiwo. Ƙarar inji na damun dabbobi?

Shanu da tumaki suna sabawa da ƙara, har ma su gane ta su taho da gudu in sun san abinci take kawowa. Inda ta batir ta yi fice shi ne aiki a cikin rufaffen wuri: ɗakin kaji, rumfar madara, ɗakin rainon shuka, sito. Injin fetur yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma a rufaffen ɗaki tana kisa. Haka nan zagayen dare wajen duba dabba mai naƙuda ko sauraron motsi a bakin shinge, shirun ta batir kadara ne. Sai dai shirun yana da nasa haɗari, yara da kaji ba sa jin zuwanta, kada ka cire ƙararrawar da ke kuka in an sa ribas.

Ta fetur kuma a kula da salansa lokacin rani. Yana ƙasa-ƙasa, yana zafi, busasshiyar ciyawa na maƙalewa a jikinsa. Kada ka tsaya da ita a cikin doguwar busasshiyar ciyawa, kuma ka riƙa share ƙarƙashinta.

Wacce ta fi cin kuɗi?

Ta fetur tana ci ne kaɗan-kaɗan, yau mai, gobe baƙin mai, jibi bel. Ta batir tana yi maka shiru shekara huɗu ko biyar, kuɗin wutarta bai taka kara ya karya ba, rana ɗaya ta miƙo maka lissafin batura gaba ɗaya. In kana aiki da motar kullum, ta batir ce ta fi sauƙi a jimla. In sau ɗaya a mako kake hawa, lissafin ya juye, domin batirin dalma yana tsufa ko ana aiki da shi ko ba a yi, shi kuwa man da ba ka ƙona ba yana aljihunka.

Zan sayi ta hannu. Me zan duba?

In ta batir ce, baturan kake saye, motar gyara ce. Nemi shekarunsu. Kamfanin Trojan, alal misali, yana buga harafi da lamba a kan batir, harafin wata ne, A na Janairu, B na Fabrairu, lambar kuma ƙarshen shekara. Tafi da mitar auna wuta. Bayan cikakken caji da hutun wasu awoyi, mai bolt 6 ya kamata ya nuna kusan 6.3 zuwa 6.4, mai bolt 8 kusan 8.5, jerin bolt 48 gaba ɗaya kusan 51. Auna ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi ƙasa da 'yan uwansa shi ne mai ciwo. Amma mita a tsaye na iya ruɗinka, don haka hau motar ka nemi tudu, ka yi minti 20 kana tafiya. Mai sayarwa da ya ce zagaye ɗaya a tsakar gida ya isa, akwai abin da yake ɓoyewa. Leƙa ƙarƙashin batura ka ga ko asid ya ci ƙarfe. Club Car da alminiyom suke yin ƙashin motarsu, ba ya tsatsa, wannan abin lura ne a wuri mai laima.

In ta fetur ce, ka je injin na sanyi, kada a ɗumama maka shi kafin ka iso. Shuɗin hayaƙi alamar shan baƙin mai ne. Zaro sandar mai ka duba launi, ka shinshina ko akwai warin fetur a ciki. Buɗe akwatin matatar iska, in ka ga ƙura ta wuce matata zuwa ciki, ka san abin da injin ya sha. Fizga yayin tashi kuwa bel ne ko fuli.

A duka biyun, girgiza tayoyin gaba ka ji ko akwai wasa, ka gwada birki a gangara, ka tabbatar caja na cikin ciniki in ta batir ce.

Zan iya hawa titi da ita?

Ya danganta da dokar ƙasarka da ta yankinka, ka tambaya kafin ka fita. Motar golf ta asali gudunta kilomita 19 zuwa 24 ne a awa, ba fitila, ba sigina, ba bel ɗin kujera. A Amurka, tun 1998 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa ta ware wani aji na motoci masu ƙaramin gudu, waɗanda ke yin mil 20 zuwa 25 a awa, wato kilomita 32 zuwa 40, ta kuma wajabta musu fitilu da sigina da madubi da gilashin gaba da bel da lambar shaida, sannan jihohi suka tsara titunan da za su iya bi. Ko inda doka ta yi shiru, ka tuna cewa ba ta da ƙofa, ba ta da jikin da zai kare ka, kuma hanyar karkara ita ce manyan motoci ke sheƙa gudu a kai.

In ta lalace, wa zai gyara mini?

Wannan tambayar ya kamata ta zo tun farko, amma sai mota ta tsaya ake tuna ta. Ta batir ba ta cika lalacewa ba, kayan da ke motsi a jikinta kaɗan ne. Amma ranar da na'urar raba wuta ko caja ta ƙone, ba abin da za a ɗaure da waya a ci gaba, sai an kawo sabuwa, kuma sai wanda ya san aikin. Ta fetur ta fi yawan ƙorafi, sai dai ƙorafinta kowane bakanike ya san yarensa. Kafin ka biya, ka binciki inda za ka samu bel, matata, takalmin birki da batura na samfurin da kake so, da kwana nawa suke yi kafin su iso. Wannan ne ya sa nake ba mai nisa da gari shawarar ya tsaya a manyan kamfanonin nan uku, domin kayan gyaransu, har na motocin da suka haura shekara 20, ana samu. Ka rubuta lambar motarka ka ajiye a waya, yawanci tana ƙarƙashin akwatin gaba ta gefen fasinja, da ita ake gane shekara da samfuri in za a yi odar kaya.